Babi na Huɗu: Tsara Hanya Tsakanin Tafki da Tafki

A arewa maso gabashin jihar Minesota ta ƙasar Amurka, daidai inda iyakarta ta haɗu da ta lardin Ontariyo na Kanada, akwai wata ƙasa da Allah Maɗaukakin Sarki Ya shimfiɗa ta da dutse da itace da ruwa, Ya kuma cuɗanya ukun nan har mai kallo ya kasa yanke hukunci ko tudu ne aka yayyafa wa tafkuna, ko kuwa ruwa ne aka jera wa tsibirai. Sashen da ke hannun Amurka shi ne dajin Boundary Waters, wanda faɗinsa ya haura eka miliyan ɗaya, tafkunansa sun fi 1,100, hanyoyin kwalekwale da ke ratsa shi kuma, in aka haɗa tsawonsu, sun zarce mil 1,200. Sashen Kanada kuwa shi ne Quetico, wanda ya zama gandun lardi tun 1913. Masana ilmin ƙasa sun tabbatar da cewa ƙanƙarar zamanin da ce ta kankare wannan dutse ta rarake shi, sa'an nan da ta narke ta janye, shekara dubu goma da ɗoriya da suka shige, sai ramukan da ta bari suka cika da ruwa, kowane tafki yana zuba a na ƙasa da shi ta ƙorama ko ta gangara mai duwatsu wadda jirgi ba ya bi.

Hukumomin Amurka sun daɗe suna kare dajin Boundary Waters daga hayaniyar zamani. A 1949 Shugaba Truman ya hana jiragen sama yin ƙasa-ƙasa a kansa. A 1964 aka shigar da shi cikin dokar kare dazuzzukan da ba a taɓa ba. A 1978 kuma, zamanin Shugaba Carter, aka yi masa doka tasa ta musamman wadda ta hana sarar katako, ta kuma taƙaita jirgi mai inji ga 'yan tafkuna ƙalilan na gefe. Saboda haka wanda ya shiga ciki ba shi da mota, ba shi da kanti, galibi ma wayarsa ba ta da amfani, kuma duk abin da zai ci, da abin da zai kwana a ciki, da jirgin da zai hau, wajibi ne ya tuƙa su a ruwa, ya ɗauke su a kafaɗa idan ruwa ya ƙare. Wannan ɗauka ita ce asalin maganar babin nan, domin abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ba a auna tafiyar kwalekwale da tsawon ruwan da ke kan taswira, ana auna ta ne da tudun da ke tsakanin ruwa da ruwa, da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikin ayari, da kuma iskar da ba ta shawara da kowa.

Turbobin dakon nan da ke haɗa tafki da tafki ba ma'aikatan gandun daji ne suka ƙirƙire su ba. Mutanen Ojibwe, da al'ummomin da suka riga su zama a wurin, su ne suka tattake su ƙarni bayan ƙarni, suna ɗauke da jiragensu na ɓawon itace marasa nauyi, suna bin kifi da farauta da shinkafar daji mai tsirowa a bakin tafki, har yau kuma ana ganin zanen da suka yi da jan launi a jikin duwatsun tafkin Hegman da na Lac La Croix. Daga baya fataken fatu masu magana da Faransanci suka bi sawunsu, musamman a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da kamfanin North West ya kafa babban zangonsa a Grand Portage, a gaɓar Tafkin Sufiriyo, inda turbar dako guda ɗaya ta kai mil takwas da rabi, kowane ɗan dako kuma yana ɗaukar ƙunshi biyu, kowane ƙunshi nauyin laba 90. Darajar hanyar ta kai har yarjejeniyar Webster da Ashburton ta 1842, wadda ta daidaita iyakar Amurka da mulkin Ingila a wannan yanki, ta ambaci turbobin, ta ce a bar su a buɗe ga mutanen ɓangarorin biyu. Wanda ya san wannan tarihi zai gane cewa kowace turba an ɗora ta ne a wurin da ya fi sauƙi, bayan jarrabawar mutane masu yawa, don haka barin turba don neman yanke a cikin kurmi ba dabara ba ce, jahilci ne.

A taswirorin da matuƙa suka dogara da su, irin na Fisher da na McKenzie, ana rubuta tsawon kowace turba da wani tsohon ma'auni mai suna rod, wanda yake ƙafa 16 da rabi, wato mita biyar da ɗan kaɗan, kusan tsawon kwalekwale guda. Rod 320 ke yin mil ɗaya. To, a nan ne lissafi yake yaudarar baƙo. Idan ya ga an rubuta 160 a tsakanin tafkuna biyu, sai ya ce rabin mil ne kawai, alhali kuwa in kayansa ba su ɗaukuwa a sawu ɗaya, kamar yadda yake ga yawancin mutane, zai je da kaya, ya komo hannu wofi, ya sake zuwa da sauran, ya zama rabin mil ɗin nan ya koma mil ɗaya da rabi, mil guda daga ciki a ƙarƙashin nauyi. Lambar kuma ba ta faɗin komai game da halin turbar, ko hawa ce mai tsini, ko taɓo ne mai kama ƙafa har gwiwa, ko falalen dutse mai santsi bayan ruwan sama, ko kuwa itace ya faɗi ya tare ta. Sa'an nan kowace turba, komai gajartarta, tana da harajinta na lokaci: a sauka, a kwashe kaya, a ɗaure filafilai da sandunan fatsa, a ɗora jirgi a kafaɗa, a isa, a sake lodi. Shi ya sa turba biyar gajeru suka fi cin yini bisa turba ɗaya doguwa mai tsawonsu duka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma tafkin da yake kusa a takarda yana iya zama aikin wuni guda cur.

Wanda ya taɓa jin labarin madugan da suka riƙa kai ayari Gwanja ba zai ga baƙon abu a wannan tadbiri ba, domin madugu ba ya yanke nisan zango bisa saurin ingarman da yake kai, sai bisa tafiyar jakin da ya fi gajiya da kuma wurin da za a sami ruwa kafin rana ta faɗi. Bambancin kawai shi ne, a can ruwa ake nema a cikin tudu, a nan kuwa tudu ake nema a cikin ruwa. Ya kamata ayarin kwalekwale ma ya naɗa shugaba tun daga gida, kamar yadda sunna ta koyar ga matafiya, a kuma yi shawara a fili game da lafiyar kowa da ƙarfinsa, domin mai ciwon baya da ya ɓoye ciwonsa don kunya, da mai tsoron ruwa da ya yi shiru don kada a raina shi, duk za su bayyana a turba ta uku, a wurin da babu komawa cikin sauƙi. Matuƙa biyu masu matsakaicin ƙarfi suna yin kamar mil uku a sa'a a ruwa mai kwanciya, amma idan aka haɗa da dako da hutu da duba taswira, mil takwas zuwa goma a yini ya wadatar ga ayarin da ke so ya ga abin da ya zo gani.

Nauyi kuwa tun a gida ake rage shi. Jiragen alminiyam da kamfanin Grumman ya fara ƙerawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu suna da juriyar karo da dutse, amma nauyinsu ya haura kilo 30. Na zamani da ake yi da zaren Kevlar ba su wuce wajen kilo 20 ba, sai dai suna son lallami, ba a jan su a kan dutse, dole matuƙi ya sauka a cikin ruwa ya jiƙa ƙafarsa. Mutum ɗaya ne ke ɗaukar jirgi, ya kifa shi a kansa, sandar tsakiya mai gammo biyu ta zauna a kafaɗunsa. Kaya kuma ana zuba su a manyan jakunkuna masu faɗi marasa ƙarfe, irin wadda Camille Poirier ya yi wa rajista a garin Duluth a 1882, domin ita ce ke kwanciya a cikin jirgi ba tare da ta ɗaga nauyi sama ba. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce kada a bar ƙananan kaya a warwatse: duk abin da ba ya cikin jaka, ko ba a ɗaure shi a jirgi ba, to ko ya ɓata a turba ko ya jawo sawu na uku. Masu ba da hayar kaya a garuruwan Ely da Grand Marais, da Atikokan ta wajen Kanada, suna da jirage da jakunkuna da abinci busasshe, kuma abin da ya fi kayansu daraja shi ne labarin da suke da shi na halin turbobi da zurfin ruwa a wannan mako.

Bayan tudu sai iska. Manyan tafkuna irin su Basswood da Saganaga da Lac La Croix da Brule suna da sarari mai nisa wanda iska ke gudu a kansa ba abin da ya tare ta, kuma tun da yawancin iskar yankin daga yamma ko arewa maso yamma take busowa, tana kuma ƙaruwa bayan rana ta take tsaka, mai hankali yakan tsara ƙetare babban ruwa da sassafe, ya bi gefen da tudu ya kare, ya bar ƙananan tafkuna da ƙoramu don la'asar. Ruwan watan Mayu, makonni kaɗan bayan narkewar ƙanƙara, sanyinsa yana kashe ƙarfin gaɓoɓi cikin mintoci, don haka rigar ceto a jiki take da amfani, ba a ƙarƙashin kujera ba. Ranar 4 ga Yuli 1999 wata guguwa mai gudun fiye da mil 90 a sa'a ta ratsa dajin ta kayar da miliyoyin itatuwa a kan turbobi da masaukai, mutane da dama suna ciki. Darasin shi ne a sanya rana guda ta rara a cikin kowace tafiya ta kwana biyar ko shida, ranar da ba a ɗora mata komai ba, domin wanda jirgin sama ke jiransa gobe shi ne yake shiga raƙuman ruwan da ya kamata ya zauna a gaɓa ya kalla. Tawakkali na gaskiya yana zuwa ne bayan an riƙi sababi, ba a madadinsa ba.

Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba ba a shiga dajin Boundary Waters don kwana sai da takardar izini, wadda take ƙayyade mashiga ɗaya da rana ɗaya, kuma adadin da ake bayarwa ga kowace mashiga a yini ƙididdigagge ne. Ana buɗe rajista a ƙarshen Janairu, mashigai masu farin jini kuma ba sa daɗewa. Ayari ba ya wuce mutum tara da jirgi huɗu, ba a shiga da abincin gwangwani ko na kwalba, ba a kwana sai a masaukan da hukuma ta tanada, kimanin 2,000, kowanne da murhun ƙarfe da makewayi. Amma takardar ba ta ajiye wa kowa masauki, wanda ya riga isa shi ne da wuri, saboda haka a tafkunan da ke kusa da mashiga ya kamata a fara neman wurin kwana tun azahar, a kuma san na biyu da na uku a taswira. Lokacin shekara ma zaɓi ne mai sakamako: ƙarshen Mayu da Yuni kifi yana ci sosai amma ƙudan cizo da sauro suna da yawa, Agusta ruwa ya yi ɗumi mutane kuma sun cika, Satumba ƙwari sun tafi amma dare ya yi sanyi, yini ya gajarta.

Bari mu ɗauki hanya guda mu ga yadda waɗannan ƙa'idoji suke haɗuwa. Wanda ya shiga ta tafkin Moose, gabas da Ely, zai bi ta Newfound da Sucker ba tare da ya sauke kaya ba, domin ruwansu a haɗe yake; daga nan ya shiga Birch, ya bi layin iyaka, Kanada a hagunsa Amurka a damansa, ya ratsa Carp da wasu ƙananan ruwaye ta turbobi gajeru a jere, har ya fita a tafkin Knife mai zurfi da garai-garai. In ya zauna can kwana biyu yana fatsa, yana iya komowa ta kudu, ta Vera da Ensign, inda turbobi biyu suke da tsawon wajen rabin mil kowace, sa'an nan ta Splash ya sake faɗawa ruwan da ya fito. Hikimar bin da'irar ta wannan fuska ita ce, gajerun turbobi suna zuwa ne lokacin da jakar abinci take cike kafaɗu kuma ba su saba ba, dogayen kuwa sai jaka ta yi sauƙi jiki ya horu. Wanda ya juya ta zai ga tafkuna iri ɗaya, amma da wahala ninki.

Mai niyyar fatsa kuwa sai ya ƙara wani ilmi a kan wannan, domin ba kowane tafki ke da kowane kifi ba, kuma hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota tana wallafa bayanin zurfin tafkuna da irin kifayen da aka samu a cikinsu. Kifaye huɗu ake nema. Wolayi, wanda jihar ta ɗauka kifinta na alfahari saboda daɗin namansa, idanunsa ba sa son haske, don haka da asuba da magariba da ranar gajimare yake fitowa kiwo, a kan tudun duwatsu na ƙarƙashin ruwa, ko a bakin ƙorama inda ruwa ke shigowa, ko a gaɓar da iska ke dukanta. Fayik dogo ne mai haƙora kamar zarto, yana laɓewa a lungunan ciyawa, kuma yana yanke zare in ba a sa guntuwar waya kusa da ƙugiya ba. Bas mai ƙaramin baki, wanda ba ɗan asalin waɗannan tafkuna ba ne, shigo da shi aka yi a ƙarni na 20, yana zama a gefen duwatsu da ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, shi ne kuma ya fi saurin faranta wa yaro da baƙo rai. Na huɗu shi ne tirawut na tafki, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi mai zurfi irin na Knife da Saganaga: a Mayu yana kusa da sama, ana samunsa da jan koto a bayan jirgi, amma da zafi ya shigo, ruwan sama ya ɗumama ya rabu da na ƙasa, sai ya nutse ƙafa 40 ko fiye. Ma'anar wannan ga mai tsara hanya ita ce, wata da kifin da ake so su ne za su zaɓi tafki, kuma tafiya da fatsa kishiyoyi ne a kan lokaci: wanda yake tashi daga masauki kowace safiya ba zai sami asuba a kan ruwa da sanda a hannu ba.

Dokokin kamun ma sun bambanta a ɓangarorin biyu. Kowane ɓangare da lasisinsa, da lokacin buɗe kamu, wanda a Minesota yake faɗawa wajen tsakiyar Mayu, da adadin da aka halatta a riƙe. A Quetico an haramta koto mai rai ko matacce, an kuma wajabta ƙugiya marar ƙayar baya, don kifin da aka saki ya rayu. A ɓangaren Amurka ana amfani da tana da matsatsaku, amma zubar da ragowarsu a daji laifi ne, domin tana ba 'yar asalin dajin ba ce, tana cinye ganyen da ke rufe ƙasa, wanda ƙananan tsirrai suka dogara da shi. Dalmar da ake nauyaya zare da ita, in ta tsinke ta nutse, tsuntsun ruwan nan mai suna lun yakan haɗiye ta tare da tsakuwa ya mutu, shi ya sa masu lura suka koma ga ƙarfen da ba shi da guba.

Babban kuskuren da nake gargaɗi a kansa shi ne a lissafa kifi a cikin guzuri. Arziki na Allah ne, kuma sanyi ɗaya da ya biyo bayan hadari yana iya rufe bakin kifi kwana biyu. Saboda haka a ɗauki abincin kowace rana cikakke, abin da ƙugiya ta kawo ya zama ƙari. In kuwa ta kawo, ƙana'a ita ce ado: a riƙe matsakaita biyu ko uku da za a ci a daren, a saki manya, domin su ne masu ƙwai, su ne kuma sinadarin makyuri ya fi taruwa a namansu. A gyara kifi nesa da masauki, a kai ƙaya da hanji can cikin daji, a rataye jakar abinci a reshe mai tsawo ko a rufe ta a mazubin da baƙar dabbar beyar ba ta iya buɗewa, a yi wanke-wanke ƙafa 200 daga bakin ruwa. Wuta kuma a kashe ta har toka ta yi sanyi a hannu, domin gobarar tafkin Ham ta watan Mayu 2007, wadda ta ci dubban eka a ƙasashen biyu, daga wutar masauki guda ta tashi. Duk wannan amana ce, kuma israfi a wurin da babu mai gani ya fi nuna halin mutum bisa israfi a kasuwa.

Musulmin da ya yi wannan tafiya zai tarar ibada ta yi masa sauƙi ta wata fuska, ta kuma nemi lura ta wata: ruwan alwala yana ko'ina, kamfas ɗin da ke nuna masa turba shi ne zai nuna masa alƙibla, wadda daga can take arewa maso gabas, rangwamen ƙasaru kuma yana nan ga wanda tafiyarsa ta cika sharuɗɗa, amma a watan Yuni yini yana kai wajen sa'a 16, shafaƙi yana daɗewa bai ɓace ba, alfijir yana ketowa da wuri, don haka ya kyautu ya rubuta lokutan salla na kwanakin tun kafin ya bar gari.

Abu na ƙarshe a tsarin shi ne takarda ɗaya da za a bari a hannun amintacce a gida: mashiga, da tafkunan da za a bi bisa jerinsu, da sunayen 'yan ayari, da ranar fita, da ranar da in ta wuce ba a ji labari ba sai a sanar da hukuma. Bayan an rubuta ta kuma, wajibi ne shugaban ayari ya kasance a shirye yake ya rage hanya, ya bar tafkin da ya yi wata shida yana mafarkinsa, idan ya ga iska ta ƙi ko ɗan'uwa ya gaza, domin tafkin yana nan baɗi, kuma ba a yaba wa madugu da nisan da ya kai, sai da adadin waɗanda ya komo da su lafiya. A babi na gaba, in Allah Ya yarda, za mu shiga jirgin kansa, mu duba zaman matuƙin gaba da na baya, da yadda ake riƙe filafili har jirgi ya miƙe.